An naɗe min awara da sirrin wata baiwar Allah: tarihin yadda bayananmu suka zama haja

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara. Yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, don maganar ta shafi duk wanda ke da NIN, ta kuma shafi iyayenmu da ba sa hawa intanet.

Wata Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Na fito daga Kara yunwa ta kama ni, na tsaya wajen wata yarinya mai awara. Ta naɗe min a takarda. Ina cikin ci sai idona ya sauka kan hoton wata mata a jikin takardar, mai ya ɗan jiƙa shi. Da na warware sai na ga fotokwafin fom ɗin rajistar inshorar lafiya ne. Ga cikakken sunanta, ga ranar haihuwa, ga lambar waya, ga NIN, ga rukunin jininta, har da sunayen 'ya'yanta uku. Na ce, "Ƙanwata, ina kike samo takardun nan?" Ta ce, "Wallahi Yaya sayo mana ake yi, buhu guda." Ba zan faɗi daga wane ofishi ko wane shago fom ɗin ya fito ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da wani ne ya ci awarar nan, me zai iya yi da takardar?

Don mu gane nauyin tambayar, sai mun koma baya.

A zamanin kakanninmu shaidar mutum tana bakin jama'a ne. Baƙo ya zo Kara da shanu, mai masaukinsa ko dillalinsa ne zai tsaya masa. Kana neman bashi ko aure, za a tambayi mai unguwa, shi kuma ya san ka, ya san mahaifinka, ya san gonarku. Wanda zai yi sojan gona da sunanka sai ya ruɗi unguwa guda, abin da ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, takarda ta fara shiga tsakani. Rasit ɗin haraji ya zama abin da talaka ke riƙewa a aljihu idan zai yi tafiya, har zuwa 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano. Ko a lokacin, takardar tana hannunka, kwafinta kuma yana cikin wani littafi a ofishin hakimi. Mai son ganinsa sai ya tako da ƙafarsa.

A 2003, zamanin Obasanjo, aka yi rajistar katin ɗan ƙasa da wani kamfanin Faransa mai suna SAGEM. Aikin ya ƙare da badaƙalar cin hanci, mutane da yawa kuma ba su taɓa ganin katinsu ba. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, wadda ke ba da NIN. A watan Fabrairun 2014 Babban Banki ya ƙaddamar da BVN. Sai Disambar 2020, lokacin Minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Kun tuna layukan da muka bi ana tsakiyar korona? A Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. A ƙarshen 2023 kuma Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu ne sai da BVN ko NIN. Ku lura da abin da ya faru cikin shekara 20 kacal: lamba 11 ta karɓi aikin da mai unguwa yake yi. Kuma lamba ba ta san fuska ba, duk wanda ya riƙe ta shi take yi wa shaida.

Ita ma inshorar lafiya tana da nata tarihin. Tun 1962 ministan lafiya na lokacin, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai maganar gaban majalisa, ba ta wuce ba. Sai a 1999, ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami, aka yi dokar kafa NHIS, aka fara aiki da ita a 2005, galibi da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta samar da asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ta hanyarsa ake yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta. Jihohi suka bi sahu, mu a Kano aka yi dokar kafa KSCHMA a 2016. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, NHIS ta koma NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowane ɗan Najeriya.

Ni ina goyon bayan wannan tsari ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya taɓa ganin an sayar da tunkiya ko an jinginar da gona saboda tiyatar haihuwa ya san amfaninsa. Kada wani ya ji shirin nan ya ce na hana shi rajista. Sai dai kowace rajista tana nufin an tara bayanai a wuri guda, kuma babu fom ɗin da ya kai na inshorar lafiya tara sirri. Banki ya san kuɗinka. Kamfanin waya ya san layinka. Fom ɗin inshora kuwa ya haɗa kai da matarka da 'ya'yanka, don a tsarin ma'aikatan tarayya ana ɗaukar mutum da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ya haɗa wurin aikinka da asibitin da kake zuwa, a bayansa kuma ga fayil ɗin cutar da ke damunka.

To me ke faruwa idan irin wannan rumbu ya buɗe? Ba sai mun je nesa ba, ga Jos nan.

A watan Afrilun 2022 wasu masu binciken tsaron intanet na Website Planet suka ci karo da rumbunan ajiyar bayanai na hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, wato PLASCHEMA, a buɗe a intanet babu ko lambar sirri. Rahotonsu ya ce fayil sama da 75,000 ne, kimanin gigabait 45, na mutum sama da 37,000. A ciki akwai katunan shaida, takardun haihuwa da hotunan masu rajista. Ku gane, babu wanda ya fasa ƙofa. An ajiye kayan ne a rumbun haya na kamfanin Amazon, ba a saita makullin ba, duk wanda ya san adireshin zai iya shiga ya kwasa. Kuma sai da aka ɗauki watanni ana ta tuntuɓa kafin a rufe. Mutanen da abin ya shafa irinmu ne: ma'aikata, 'yan kasuwa, iyaye da suka bi layi don 'ya'yansu su samu magani.

A wasu ƙasashen an ga inda irin wannan ke kai wa. A 2015 aka yi wa kamfanin inshorar lafiya na Anthem a Amurka kutse, bayanan mutum kusan miliyan 79 suka fita. A Oktoban 2022 aka shiga kamfanin Medibank na Ostireliya aka kwashi na mutum miliyan 9.7. Ɓarayin suka nemi kuɗin fansa kusan dala miliyan 10, kamfanin ya ƙi biya, su kuma suka fara sakin fayil-fayil a intanet, har da jerin matan da aka yi wa aikin cire ciki da mutanen da ke karɓar maganin shaye-shaye da na taɓin hankali. A Fabrairun 2024 kuma aka shiga Change Healthcare, kamfanin da ke sarrafa takardun biyan kuɗin asibitoci a Amurka. An biya dala miliyan 22, duk da haka bayanan mutum wajen miliyan 190 abin ya shafa. Shugaban uwar kamfanin na lokacin, Andrew Witty, ya amsa a gaban majalisar Amurka cewa ƙofar da aka shiga ta ita ba ta da matakin tabbatarwa na biyu, wato irin lambar nan da ake turo maka a waya bayan ka sa lambar sirri. Abin da WhatsApp ɗinka ke da shi kyauta, shi kamfanin biliyoyin daloli ya bari.

Yanzu ku ɗauko abin da ya faru a Medibank ku ajiye shi a Wudil, inda kowa ya san kowa. Tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, ana duba HIV da ciwon hanta da nau'in jini na sikila. Doka ce mai kyau, amma tana nufin sakamakon gwajin dubban samari da 'yanmata yana kwance a wasu fayil-fayil da wasu kwamfutoci. Idan na wata yarinya ya faɗa gurup ɗin WhatsApp na unguwa fa? Katin ATM idan ya ɓata a kwana ɗaya za a ba ka sabo. Ranar haihuwarka da sunan mahaifiyarka da cutar da kake ɗauke da ita, waɗannan ba a sake su, in sun fita sun fita ke nan.

Wani zai ce, "To ni da ba ni da ko sisi a banki, me za a sata?" Sunanka mana, ai shi ke da kasuwa. A Maris ɗin 2024 'yan jaridar FIJ suka bankaɗo wani shafi, XpressVerify, da ke sayar da bayanan NIN a kan naira 200. Bayan 'yan watanni ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa Bosun Tijani kansa a wani shafin, AnyVerify, a kan naira 100. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ma ta wace kafa ya zubo, an dai saya. A Yulin 2025 EFCC ta ce akwai matasa wajen 12,000 a faɗin ƙasar nan da ke bin mutane suna ba su naira 1,500 zuwa 2,000 su karɓi NIN da BVN da hotonsu, su sayar a kan wajen naira 5,000 don a buɗe asusu da su.

Ga yadda abin ke aiki. Da NIN ɗinka da hotonka da ranar haihuwarka ana iya buɗe asusu a manhajar kuɗi, ko a yi rajistar layi, ko a ci bashi a manhajojin ba da rance. Ɗan damfara ya cuci wani a Legas, kuɗin ya bi ta asusun da ke ɗauke da sunanka, ya cire a wajen mai POS ya ɓace. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawu, ƙofar gidanku za su ƙwanƙwasa. Idan kuɗin fansar masu garkuwa ne ya bi ta ciki, kai ma ka san irin bayanin da za ka yi. Akwai wani yaro a unguwarmu da ya ba da NIN ɗinsa aka ba shi dubu biyu, aka ce na "tallafi" ne. Bayan wata shida banki ya rufe masa asusun da yake karɓar kuɗin ɗinki da shi. Ya yi sati uku yana hawa mota zuwa Kano, abin da ya kashe a kuɗin mota ya ninka dubu biyun nan sau da yawa.

Hanya ta biyu ita ce kiran waya. Mutum ya kira mahaifiyarka, ya ambaci cikakken sunanta, ya faɗi asibitin da take zuwa, ya faɗi sunan autarta. Ya ce, "Hajiya, daga ofishin inshora ne, katinki zai ƙare yau, yanzu za ki ga wata lamba ta shigo, karanto min." Ta yaya ba za ta yarda ba, alhali ya san abin da sai na gida ya sani? Wannan lambar kuwa ita ce makullin asusunta ko na WhatsApp ɗinta. Hanya ta uku, wani ya je asibiti da katinka. Ya cinye maka haƙƙinka, sannan a rubuta cutarsa da rukunin jininsa a fayil ɗinka, ranar da kai ka zo a galabaice likita ya duba bayanin da ba naka ba.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da nake yi, kuma nake roƙon ku ku yi.

Na farko, fotokwafi. Duk kwafin NIN ko katin inshora da za ka bayar, rubuta a kansa da biro, ta saman rubutun yadda ba za a iya yankewa ba: don rajistar kaza kawai, da kwanan wata. A shagon kwamfuta kada ka bar wanda ya lalace a kwandon shara, karɓe shi ka tafi da shi. Idan ta WhatsApp ka tura wa mai shago don ya buga maka, tsaya a kansa ya goge daga waya da kwamfuta. Ba rashin yarda ba ne, shi ma kwamfutar tasa hannu goma ke taɓa ta.

Na biyu, layinka. Duk kuɗinka yana rataye ne a jikin sim ɗin nan. Shiga saitin waya ka sa masa lambar sirri, yadda ko an cire shi an sa a wata wayar ba zai buɗe ba. Ka yi a hankali, kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK. Idan waya ta ɓata, kafin ka fara cigiya a Facebook, sa a rufe layin da asusun bankin. Kada ka watsar da layin da ke haɗe da BVN ɗinka, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi, saƙonnin bankinka su koma hannun baƙo. Idan za ka bar shi, fara zuwa banki ka sauya lamba. Ka kuma leƙa ofishin kamfanin wayarka ka tambayi layuka nawa ne ke kan NIN ɗinka, wanda ba ka sani ba ka sa a cire.

Na uku, lambar da ake turowa ta saƙo, wadda muke kira OTP. Babu ma'aikacin banki ko na inshora ko na NIMC da aikinsa ya ba shi damar tambayarka ita. Wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya san sunan kakarka. Kashe wayar, ka taka zuwa ofishin da kanka. Wannan ku zauna ku faɗa wa su Baba da su Inna da bakinku, yau ɗin nan. Ku kunna musu matakin tabbatarwa na biyu a WhatsApp. Idan ka manta NIN ɗinka danna *346#, BVN kuma *565*0#, a layin da ka yi rajista da shi, ba sai ka ba wani ya duba maka ba.

Na huɗu, binciki sunanka. Akwai kamfanonin da Babban Banki ya ba lasisin ajiye tarihin bashi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Idan ka ga bashin da ba kai ka ci ba, rubuta ƙorafi ga wanda ya ba da bashin, ka kai rahoto wajen 'yan sanda, ka riƙe kwafin komai. Idan banki ya yi biris, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa. Matsalar layi kuma, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622, kyauta ce.

Na biyar, kada ka sayar, kada ka ara. Ko abokinka ne ya ce kuɗi kawai za a turo masa ta asusunka, tambaye shi ina nasa.

Amma fa jama'a, duk wannan rabin aikin ne. Mutum 37,000 na Filato babu wanda ya yi sakaci a cikinsu, waɗanda suka karɓi amanar ne suka bar ƙofa a buɗe. Shi ya sa dole mu san doka. A 2019 NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai, a Yunin 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta sa bayanin lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Ta ba ka damar tambayar kowace hukuma ko kamfani abin da suka ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure. Idan bayanai suka zuba ta yadda za su iya cutar da mutane, wajibi ne su sanar da NDPC cikin awa 72, idan haɗarin babba ne su sanar da kai ma. Manyan masu riƙe bayanai da suka saɓa ana iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Don haka ranar da ka je rajista, a asibiti ne ko a ofishin ƙaramar hukuma ko a makaranta, yi tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, bayan an shigar da fom ɗin nan a kwamfuta, ina ake kai takardar? Wa ke da ikon buɗe ta?" Mutum ɗaya ya tambaya za a ce ya cika iyayi. Mutum hamsin suka tambaya, za a sayi kabad mai makulli. Mu da muka yi karatu a garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha, ɗalibanmu na kwamfuta za su iya shiga cibiyoyin lafiya na unguwanni su koya wa ma'aikata yadda ake kulle fayil da yadda ake ƙona takardar da aka gama da ita. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Ita kuwa takardar awarar, da yamma na kira lambar da ke jiki. Mijin matar ne ya ɗauka. Da na ambaci sunanta sai muryarsa ta canza, ya ce, "Kai waye? Wa ya ba ka lambar iyalina?" Na ce, "Yi haƙuri Baba, a jikin awara na samu." Ya yi shiru. Na yi masa bayani, na ce su kula da duk wanda zai kira da sunan inshora ko banki. Ya yi godiya, ya ce in ƙona ta, na ƙona. Amma buhu guda yarinyar nan ta ce ana sayo musu, ni kuwa ɗaya tak na gani.

Ku rubuto mana a ƙasa idan irin wannan ta taɓa faruwa da ku, amma don Allah kada ku sa hoton NIN ko lambar waya a sharhi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu yi wa iyaye rajista. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.